Yadda Za Ka Gane Ko Hoton Shagon Wasanka Mai Jigon Gidan Caca Yana Aiki

Mai neman wasan bidiyo a shagunan intanet irin su Steam (na kwamfuta) ko Google Play (na waya) ba ya tsayawa karatu, gungura allo kawai yake yi. Hotuna na wuce idonsa ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin ya kai ga sunan wasanka, balle bayaninsa, ɗan hoton nan da ke wakiltar wasan ya riga ya gama yi maka magana. Steam na kiran wannan hoto kafsul, a shagunan waya kuwa ƙaramar alamar manhaja ce da babban hoton talla. Idan wasanka ya ɗauki jigon gidan caca, da karta da dayis da faifan rulet da injin nan mai juya hotuna, to aikinka ya fi na sauran wuya. Kusan duk wasannin wannan layi kaya iri ɗaya suke sawa: ruwan gwal, jan launi, lamba bakwai sau uku, tsabar kuɗi na zuba daga sama. Abin da ya fi damuna kuma shi ne, irin wannan hoto yana sa mutum ya ɗauka caca ce ta kuɗin gaske, alhali kai wasan dabara ka yi, ko wasan gina gidan caca da tafiyar da shi, ko labarin ban tsoro da ke faruwa a kan teburin karta.

Saboda haka abin da za mu auna a nan shi ne ko hoton yana kawo mutanen da aka yi wasan dominsu, kuma ko abin da suka tarar ya yi daidai da abin da hoton ya gaya musu.

Mataki na farko: rubuta alkawarin kafin ka kalli hoton

Ka rufe fayil ɗin zanen tukuna. Ka ɗauki takarda ka rubuta jumla ɗaya da ke faɗin wane irin wasa ne, da abin da ɗan wasa zai ji idan yana yin sa. Misali: "Wasan dabara ne na mutum ɗaya, ana haɗa katunan foka don tara maki, babu kuɗin gaske a ciki." Ko kuma: "Kai ne manajan gidan caca, za ka ɗauki ma'aikata, ka shirya tebura, ka kama masu maguɗi." A ƙarƙashinta ka rubuta sunayen wasanni uku da kake ganin masu son su za su so naka. Wannan jumlar ce ma'auninka a duk matakan da ke tafe. Wanda bai rubuta ta ba, duk sakamakon da ya samu zai fassara shi yadda ransa ke so.

Mataki na biyu: ƙanƙanta shi

Mai zane yana aiki ne a babban allo, hoton ya cika fuskar kwamfuta, kowane ƙyalli na tsabar roba yana fitowa tar. Mai saye ba haka zai gan shi ba. Tun daga shekarar 2024 Steam na neman babban kafsul mai faɗin fiksel 1232 da tsayi 706, na kan shafi 920 da 430, na tsaye 748 da 896, sai ƙarami 462 da 174. Wannan ƙaramin shi ne ya fi yawo, domin shi ke fitowa a sakamakon bincike da jerin sunayen wasanni, kuma Steam da kansa yana rage shi har ya koma 120 da 45 a wasu wurare. Google Play na karɓar alamar manhaja mai 512 da 512 da hoton talla mai 1024 da 500, Apple kuma 1024 da 1024, amma a allon waya alamar ba ta wuce girman kan yatsa ba.

To ka rage hotonka zuwa mafi ƙanƙantar girman da za a nuna shi, ka kalle shi a waya da kuma kwamfuta, ba tare da ka matso da fuska ba. Sunan wasan yana karantuwa? Wane abu ne idonka ya fara sauka a kai? Idan ka zuba katuna biyar da dayis biyu da faifan rulet da mutum a tsaye duk a hoto ɗaya, a wannan girman za su narke su zama tabo mai launi. Rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na fitilun kan titi, wanda masu wannan jigo ke matuƙar so, shi ne ke fara mutuwa.

Daga nan ka mayar da hoton baƙi da fari. Wannan gwaji ya fi muhimmanci ga wasanka fiye da na wasu, domin launukan gidan caca na asali ja ne a kan koren tebur, kuma waɗannan biyun su ne suka fi rikita masu matsalar rarrabe launi, wadda ke shafar kimanin namiji ɗaya cikin 12 a wasu al'ummomi. Idan jan rubutu da koren bango suka zama toka iri ɗaya bayan an cire launi, to bambancin haske da duhu bai isa ba. A ƙarshe ka sa hoton ya yi dishi-dishi da manhajar gyaran hoto. Abin da ya rage kana iya gane shi, shi ne ainihin abin da mai gungurawa ke gani.

Mataki na uku: ajiye shi tsakanin maƙwabtansa

Hoto ba ya zama shi kaɗai a shago. Ka shiga rukunin wasannin karta ko na caca a shagon da za ka sayar, ka ɗauki hoton allon yadda yake, sannan ka maye gurbin ɗaya daga cikin wasannin da naka. Kar ka sa shi a tsakiya ko a sama, ka jefa shi inda ya faɗa. Shafin Steam shuɗi ne mai duhu, don haka hoto mai baƙin gefe yana iya nutsewa a ciki, iyakarsa ta ɓace. A shagon waya kuma ka gwada shi a farin bango da baƙi, tunda mutane na amfani da duka biyun. Idan ka kau da kai ka dawo sai da ka nemi naka kafin ka gan shi, kai da ka san shi ke nan, to baƙo ba zai gan shi ba sam.

Mataki na huɗu: nuna wa waɗanda ba su san wasan ba

A nan ne nake so ka fi daɗewa. Abokan aikinka da 'yan gidanku ba za su yi amfani a wannan gwajin ba, domin sun riga sun san amsar kuma ba sa son ɓata maka rai. Ka nemi mutanen da ke yin wasannin bidiyo amma ba su taɓa jin labarin naka ba. Mutum goma zuwa goma sha biyar sun isa su nuna maka babbar matsala idan akwai ta.

Ka nuna wa kowa hoton allon nan na mataki na uku na kamar daƙiƙa biyar, shi kaɗai, ba a gaban sauran ba, sannan ka rufe. Ka tambaye shi waɗanne wasanni ya tuna. Idan bai ambaci naka ba, ka rubuta hakan, kar ka taimaka masa. Bayan haka sai ka nuna masa naka shi kaɗai na ɗan lokaci, ka sake rufewa, ka tambaye shi sunan wasan, da abin da yake tsammanin ana yi a cikinsa, da wane wasa ya tuna masa. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ta keɓanci wannan jigo: "Kana ganin ana saka kuɗin gaske a ciki?" Kar ka fara da ita, domin za ta shuka tunanin a ransa.

Kar ka tambaye shi ko hoton ya burge shi. Kowa zai ce ya yi kyau, kuma wannan amsar ba za ta gyara maka komai ba. Ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, ka ɗora su kusa da jumlarka ta mataki na farko. Idan kai ka rubuta "wasan dabara" mutane kuma suna cewa "irin na injin caca ne, ana juyawa a ci ko a faɗi", hoton ya yi maka ƙarya, ko da zanen ya kai ƙarshen kyau. Gyaran irin wannan yawanci yana cikin nuna abin da ya bambanta wasanka da gidan caca na gaske. Idan katunan naka suna da wani siddabaru, a nuna katin da babu irinsa a cikin katuna 52 da kowa ya sani. Idan wasan gudanarwa ne, a nuna ɗakin daga sama da ma'aikata da baƙi, maimakon hannu riƙe da karta. Idan na ban tsoro ne, fuskar wanda ke zaune a ɗaya gefen teburin ta fi tsabar gwal faɗin gaskiya. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ido yana saurin tsayawa a kan fuska fiye da kan tarin kaya.

Ka sa kuma wani masanin waɗannan wasanni ya duba maka ƙananan abubuwa. Faifan rulet na Turai gurbi 37 gare shi, na Amurka 38 saboda ƙarin sifili biyu. A jikin dayis, fuskoki biyu masu kallon baya da juna jimlarsu bakwai ce, don haka ba za a ga ɗaya da shida a gefen juna ba. Kati iri ɗaya ba ya fitowa sau biyu a hannu ɗaya sai in wasanka ne ya tanadi hakan da gangan. Yawancin mutane ba za su lura ba, amma masu son wannan layi na gaske za su lura, kuma su ne kake nema.

Mataki na biyar: dokokin shago da na shekaru

Kafin ka ɓata lokaci wajen auna lambobi, ka tabbata za a karɓi hoton. Tun 1 ga Satumba 2022 kamfanin Valve, mai Steam, ya hana saka makin masu sharhi, da sunayen lambobin yabo, da rubutun ragin farashi a kan kafsul na dindindin. Abin da aka yarda shi ne zanen wasan da sunansa da ƙaramin takensa. Wato rubutu irin na "ci babbar kyauta" ba shi da wuri a kai, kuma ni ina ganin hakan alheri ne gare ka.

Batun shekaru ma ba abin wasa ba ne. Hukumar PEGI, mai tantance wasanni a Turai, tun 2020 take ba wasannin da ke kwaikwayon caca matakin shekara 18. Wasan Balatro, wanda ya fito a Fabrairun 2024, babu caca ta kuɗi a cikinsa, amma saboda siffofin foka da ke ciki aka ɗaga matakinsa daga shekara 3 zuwa 18, har aka cire shi na ɗan lokaci daga wasu shagunan na'urorin wasa, sai a Fabrairun 2025 bayan ɗaukaka ƙara aka mayar da shi 12. Ostareliya ma daga Satumbar 2024 ta sa wasannin kwaikwayon caca a matakin manya zalla. Abin da ke cikin wasan ake dubawa wajen yanke matakin, amma hoton shi ne abin da iyaye da masu tantance talla ke fara gani. Ina kuma roƙonka, idan wasanka caca yake kwaikwayo kai tsaye, kar ka lulluɓe shi da zanen 'yan dabbobi masu jan hankalin yara. Ko da lambobin sun hau, wannan ba nasarar da za a yi alfahari da ita ba ce.

Mataki na shida: lambobi, da tarkunan da ke cikinsu

A Steamworks, shafin da Steam ya tanadar wa masu ƙirƙirar wasanni, akwai rahoton zirga-zirga da ke nuna sau nawa kafsul ɗinka ya bayyana a allon mutane, da sau nawa aka ziyarci shafinka. Idan ka raba ziyara da bayyana ka samu kason dannawa. A ce hoton ya bayyana sau 10,000 aka shiga sau 200, kason shi ne 2 cikin ɗari.

Kar ka dogara da jimillar da ke sama. Wanda ya zo daga mahaɗin da ka saka a shafin sada zumunta, ko wanda layin gano sababbin wasanni na Steam ya kai shi shafinka kai tsaye, ya ziyarta ba tare da ya zaɓi hotonka daga cikin wasu ba, kuma irin waɗannan suna kumbura lissafin. Ka sauka ƙasa ka duba wuri-wuri: shafukan rukuni, da sashen wasanni masu kama da juna, da sakamakon bincike. Ko a binciken ma ka yi hattara, domin wanda ya rubuta sunan wasanka da hannunsa zai danna ko da wane hoto ne. Ka kwatanta wuri da irinsa kawai, kafin canji da bayan canji. Wani abin da ke tayar wa mutane hankali ba gaira ba dalili shi ne faɗuwar kason dannawa a daidai lokacin da shagon ya fara nuna wasan ga jama'a da yawa. Hakan ba laifin hoto ba ne, masu kallon ne suka faɗaɗa har suka haɗa da waɗanda ba ruwansu da irin wasan.

Steam ba shi da hanyar raba masu kallo gida biyu a nuna wa kowane ɓangare hoto daban, don haka sai dai ka gwada ɗaya bayan ɗaya. Ka bar kowane hoto ya yi cikakkun makonni, aƙalla biyu, domin halin mutane a ƙarshen mako ya bambanta da na tsakiyarsa. Ka guji lokacin babban ragin farashi, da Next Fest, bikin Steam na nuna wasanni masu zuwa, da ake yi a Fabrairu da Yuni da Oktoba, da makon da wani mai bidiyo ya nuna wasanka. Kuma kar ka canza hoto da bidiyon talla da bayani a rana ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

A waya abin ya fi sauƙi. Play Console, shafin Google na masu ƙirƙirar manhaja, yana da gwajin shafin shago, inda za ka sa sababbin hotuna har uku su kara da na yanzu a lokaci guda. Apple ma tun 2021 yana da irin wannan, shi ma har uku, gwajin na iya kai kwana 90, sai dai idan alamar manhaja kake gwadawa dole ta kasance cikin fayil ɗin manhajar da ka ɗora. Wanda ya ƙirƙiri wasan kwamfuta kuma zai iya sayen 'yar talla da hotuna biyu, rubutu ɗaya, masu kallo iri ɗaya, ya sa wa kowane mahaɗi alamar UTM, wato ɗan rubutun da ke nuna inda mai ziyara ya fito, wadda Steam ke iya bibiya. Ka dai sani masu karɓar talla irin su Google suna da ƙa'idoji na musamman kan wasannin da ke kwaikwayon caca, ka karanta su kafin ka biya.

Sai batun yawan adadi, inda mutane da yawa ke yaudarar kansu. Idan hoto na farko ya samu dannawa 200 na biyu ya samu 212 a kan bayyana iri ɗaya, babu abin da ka gano. Ko hoto ɗaya ka nuna sau biyu za ka iya samun irin wannan tazarar. A wannan adadin, sai bambancin ya kai wajen 40 kafin ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci. Darasin da ke ciki ga mai ƙaramin wasa shi ne ya gwada manyan bambance-bambance: fuskar mutum ko kati, bango mai haske ko mai duhu, tambari a tsakiya ko a gefe. Gwada ko gwal ɗin ya ɗan ƙara ƙyalli aikin masu miliyoyin masu kallo ne.

Mataki na bakwai: bi sawun waɗanda suka danna

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Hoton da aka cika da tsabar kuɗi da alamar cin babbar riba yana iya ninka dannawa, amma ya kawo maka masu neman abin da ba ka sayarwa. Don haka kusa da kason dannawa ka ajiye lissafi na biyu: cikin waɗanda suka ziyarta, nawa ne suka saka wasan a jerin abin da suke son saya, ko suka saya, ko suka sauke. A waya ka duba nawa ne suka bar shi a wayarsu bayan kwana ɗaya, wanda gwajin Google ke iya nunawa.

Idan dannawa ta hau amma masu sakawa a jeri suka ragu sosai, hoton yana kiran mutanen da ba naka ba, ko kuma yana alkawarin ingancin zane da hotunan cikin wasan ba su kai ba. Idan dannawa ƙasa take amma waɗanda suka shigo suna zama, wasan da shafin lafiyarsu lau, hoton ne ke ɓoye su, kuma wannan ita ce matsalar da ta fi daɗin gyarawa. Idan duka biyun suna ƙasa, kar ka ɗora wa mai zane laifi shi kaɗai, ka koma ga jumlar mataki na farko ka duba ko akwai masu neman abin da ta faɗa. Hanya mafi sauƙi ta haɗa lissafin biyu ita ce ka ƙirga mutum nawa suka saka a jeri ko suka saya a kan kowace bayyana 1,000 ta hoton. Wanda ya fi a wannan shi ne ya ci.

Bayan wasan ya fito akwai shaida ta uku. Steam na mayar wa mai saye kuɗinsa idan ya nema cikin kwana 14 kuma bai yi wasan ya kai awa biyu ba, kuma kana iya ganin dalilan da mutane suka rubuta. Ka karanta su tare da sharhin masu saye, kana neman maganganu irin su "na ɗauka foka ce ta gaske" ko "ba abin da na zata ba ne". Duk inda irin wannan ta yawaita, hoton na cikin waɗanda za a fara tuhuma.

Mataki na takwas: yanke hukunci ka rubuta

Ka buɗe jadawali mai sauƙi: ranar da ka saka kowane hoto, ranar da ka cire shi, abin da ka canza, abin da ke faruwa a shagon a lokacin, da lambobin kowane wuri. Ka adana tsofaffin fayilolin yadda za ka iya komawa gare su. Idan sabon hoto ya yi nasara, ka sake duk sauran girman su bi shi, har da na ɗakin ajiyar wasanni na Steam, inda mai saye ke ganin wasannin da ya mallaka, mai 600 da 900, domin mutum ya gane wasa ɗaya ne a ko'ina ya gamu da shi. Sannan ka bar shi ya zauna. Wanda ya ga hotonka yau bai danna ba yana iya dannawa idan ya sake ganinsa karo na uku, kuma hakan ba zai yiwu ba idan kullum kana canza masa fuska. Lokacin sake buɗe gwajin shi ne idan wasan ya samu babban sauyi, ko za ka kai shi wani sabon shago, ko ka sake ɗaukar hoton allon rukuninka ka tarar maƙwabta sun koma kama da kai.